Layi na Uku a Dutsen Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a Bronx, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tarbe ni a filin jirgin JFK ranar da na fara taka ƙasar nan, kuma kafin ya dubi fuskata sai da ya dubi ƙafata, ya ce, "Da wannan silifas ɗin za ki shiga sanyin New York?" Haka yake yi wa kowa, ƙafa tukuna sannan fuska.

Kwana uku gidansa da ke hawa na huɗu a Morrisania bai huta ba. Takalman masu gaisuwa suka cika bakin ƙofa har suka gangara kan matakala. Ni aka bar wa rabon shayi, kuma duk fitowar da zan yi sai na hangi aikin hannunsa a cikin tarin nan. Akwai wani ɗinki bibbiyu da yake yi a bayan dunduniya, ban taɓa ganin wani yana yin irinsa ba.

A falo kuwa yabo ake ta yi. Mutumin kirki, mai zumunci, ba ya fashin jam'i. Duk gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya ambaci sana'arsa, domin sanarwar da Yaya, babban ɗansa, ya tura wa jama'a ta waya cewa ta yi "fitaccen ɗan kasuwa", kowa kuma ya gane inda aka dosa. Ana cikin haka wani direban tasi, mutumin Zongon Kumasi, ya gyara zama ya ce, "Ni dai ban san businessman ba. Alaji shoemaker na sani. Sugar ya kumbura ƙafa na, duk takalmi yana ji mini ciwo, shi ya yi mini wanda nake aiki da shi har yau. Mata na ya ce in zo in faɗi wannan ko ba a tambaye ni ba."

Wani dattijo ɗan Nijar ya yi maza ya ɗaga hannu, "Bon, Allah shi jiƙan shi, shi yi mishi rahama." Aka shafa, aka kama wata hirar. Yaya ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Ni kuwa farantin shayin nan ya yi mini nauyi, saboda akwai abin da na ɗauko wanda ba wanda ya sani. A maƙabartar da ke tsallaken kogi, inda muke kai mamatanmu, doka ce a kwantar da ɗan faffaɗan dutse a kan kowane kabari. Layi uku ake ba iyali: suna, shekarun haihuwa da rasuwa, sai na uku a rubuta abin da aka ga dama. Sati biyu kafin rasuwarsa, ina gyara masa matashi, Kawu ya kama hannuna ya ce, "Layi na uku, a sa Baduku. Kin ji ko? Ke na gaya wa don ke ce mai baki a gidan nan." Na ce na ji. Daga ni sai shi a ɗakin.

Wanda bai san shi ba zai yi mamakin inda tsohon Bakano ya samo wannan tunani. A wurin Girkawa ya samo shi, Girkawan ma na dā, waɗanda suka mutu tun kafin a haifi Annabi Isa.

Kawu bai yi boko ba. Allo ya yi, sai dukanci da ya gada, don gidan su mahaifiyata dukawa ne tun kaka da kakanni. Da ya zo ƙasar nan wanke-wanke ya fara yi a wani gidan abinci a Queens. Ran nan ƙasan takalminsa ya ɓalle a hanya, ya shiga wani ɗan shagon gyaran takalma, ya nuna basilla da hannu, alamar a ara masa. Mai shagon, wani Bagirke gajere mai gashin baki, ya miƙa masa don ya ga ikon Allah. Kawu ya zauna a ƙasa ya ɗinke abinsa. Bagirken ya karɓi takalmin ya juya shi, ya sake juya shi, sannan ya jawo kujera ya ajiye kusa da tasa. Sun yi shekara talatin da 'yan kai a kan kujerun nan biyu.

A bangon shagon akwai hoton wata tsohuwar tukunya ta Girkawan dā. An zana baduku zaune, mai sayen takalmi kuma tsaye a kan tebur, ya taka fata, badukun yana yankan fatar yana bin gefen ƙafarsa da wuƙa. Kawu ya ce ranar da ya fara lura da hoton nan sai da tsigar jikinsa ta tashi, domin kamar haka kakansa yake sa mutum ya taka kirgi a zaure. Daga nan ya addabi Bagirken da tambaya. To maƙeransu fa? Masu tukwane fa? Su wa ke jimar fata? Shi kuma dama mutum ne mai son a tambaye shi labarin ƙasarsu. Da gurgun Turancinsu su biyun suka yi ta wannan karatu, basilla a hannu, ƙusa a baki.

Mu ne muka sha wahalar karatun. Shekara huɗu na zauna a gidansa kafin na yi aure, kuma ba na jin an yi tuwo sau goma ba a sako Girkawa a ciki ba.

"Kun san su ma irinmu ne?" in ji shi, yana nuna mu da lomar tuwo. "Manomi mai gonar kansa, shi ne mutum a wurinsu. Mai zama a inuwa yana sana'ar hannu kuwa, wai zama ya lanƙwasa masa baya ya lanƙwasa masa hankali. Majemi ma gefen gari suke tura shi saboda wari, sak irin na gida. Amma duk mai wannan zagin da takalmi yake zuwa majalisa."

Wata ran kuma ya ce, "Da yawa cikin masu sana'ar baƙi ne. An bar su su yi aiki, ba a bar su su mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba." Sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da cin abincinsa.

Duk wanda ya shigo gidan sai Kawu ya nema masa gurbi a cikin Girkawa. Direbobin da ke jiran fasinja a filin jirgi su ne matuƙan jirgin ruwa, su ke kai kowa ko'ina, ba mai tambayar sunansu. Wata 'yar Ghana da ke sayar da waƙe da shinkafa ta zama mai gurasar kasuwa, irin waɗanda ya ce an san su da faɗa, ita kuwa ta ce sun yi daidai. Ni da nake aikin kula da tsofaffi ya ce mai reno ce, har ya ce an tono duwatsun kaburburan masu reno an ga an yabe su a jiki. Na ce, "Kawu, ni albashi nake so a ƙara mini, ba dutse ba." Ya yi dariya har da tari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yin dariyar wannan wasa ba. Yaya likita ne, kuma Allah ya sani da guminsa ya zama. Kawu sai ya dube shi ya ce, "Likita ai mai sana'a ne a wurinsu. Gari gari yake bi da jakarsa kamar wanzami, layinsa ɗaya da kafinta da baduku. Ni da kai abokan aiki ne." Yaya ya ajiye cokali ya tashi. Ban ga laifin Kawu ba a lokacin. Yanzu ina ganin ya kamata ko sau ɗaya ne ya buɗe baki ya ce wa yaron nan ya yi ƙoƙari. Bai taɓa ba. Ya dai liƙa hoton ranar da Yaya ya gama makaranta a shago, amma a ƙarƙashin hoton tukunyar, kuma Yaya ya lura.

Wata Lahadi suka ja ni babban gidan tarihin nan na Manhattan, shi da Bagirken, wai in riƙa karanta musu ƙananan rubutun da ke jikin gilashi. Da muka shiga zauren gumaka, galibinsu tsirara, Kawu ya ja a'uziyya ya saukar da kai. Na ɗauka kunya ce kawai. Ashe ƙafafunsu yake bi. Ya tsaya gaban wani jibgegen gunki ya ce, "Wanda ya sassaƙa wannan bai taɓa ɗinka takalmi ba. Maɗaurin nan in ya bi ta nan, kafin a kai kasuwa ya yanka yatsa." Bagirken ya duƙa ya duba, ya ce ƙwarai kuwa. Mai gadi yana ta kallon tsofaffi biyu suna musu a kan yatsan dutse.

A kantin littattafan wurin ne Bagirken ya buɗe wani littafi ya nuna masa hoton dutsen kabarin wani baduku na can dā. An sassaƙa mutumin zaune, ya ɗaga ƙafar katakon da ake gina takalmi a kanta, kamar mai nuna wa duniya. Kawu ya daɗe yana kallo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Bronx. Sai da muka kusa sauka ya ce, "Duk rainin da suka yi masa, da zai tafi bai ɓoye ba." Can kuma ya ƙara, "Hoto dai haramun ne. Amma rubutu fa?" Ni kuwa hankalina yana kan wankin da na bari.

Rigimarsu mafi girma da Yaya a wurin nema wa Yayan aure aka yi ta. Yarinyar 'yar manyan ma'aikata ce a Parkchester. Tun a mota Yaya yake roƙo, "Baba, don Allah in an tambaya ka ce leather business kake yi. Ai ba ƙarya ba ne." Ya kuma roƙe shi ya bar hannayensa cikin babbar riga, don rini da gam sun riga sun zauna a faratansa, ba sabulun da ke fitar da su. Aka isa gidan. Aka gaisa, aka sha ruwa, uban yarinya ya ce, "Alhaji, wace harka ake taɓawa?" Kawu ya zaro hannayen nan biyu ya ɗora a gwiwa. "Dukanci," in ji shi. "Na ma ga takalminka a bakin ƙofa, dunduniyar hagu ta ci. Ka aiko mini da shi."

An ba da auren, ba a fasa ba. Amma Yaya ya yi kusan shekara daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Ba zan zage shi ba. Yaro ne da 'yan makaranta suka riƙa toshe hanci in ya wuce, suna cewa yana warin gam. Kuma da ciwo ya zo, shi ya bar aikinsa ya yi ta jigilar ubansa, shi yake yanke masa farce.

Ni ma ban da bakin zagin kowa. Dangin mijina har yau sun san Kawu "yana da kantin takalma", domin abin da na gaya musu ke nan. Na faɗi haka ne kuwa da takalmin da ya yi mini a ƙafata. Lokacin da na fara aiki, tsayuwar awa goma sha biyu ta sa ƙafafuna suka kumbura, na dawo ina ɗingishi ina ɓoyewa. Ya kira ni shago ran Asabar, ya share tebur, ya shimfiɗa fata, ya ce in hau.

"Kawu, tebur fa? Mutane na wucewa."

"Hau. Ƙafar da ke zaune ƙarya take yi, sai an tsaya a kanta take faɗin girmanta."

Na hau ina jin kunya, Bagirken yana riƙe da hannuna kada in faɗi, Kawu yana bin gefen ƙafata da wuƙa a hankali, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi. Baƙi ne takalmin, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Shekara shida na yi ina aiki da shi, ƙafata ba ta sake kumbura ba.

Bayan sadakar arba'in takardar dutse ta iso. Na riga na tambayi liman, ya ce suna ya wadatar, amma wasiyyar da ba ta saɓa wa shari'a ba iyali su duba ta, shi ba zai shiga ba. Muka zauna mu uku a falo: ni, Yaya, da matar Kawu, wadda duk muke kira Inna. Yaya ya riga ya cika layi biyu, ya rubuta Businessman da fensir a na uku.

Ni da Yaya taubasai ne, ɗan kawu da 'yar gwaggo, akwai wasa tsakaninmu tun muna yara. Sai na bi ta nan. Na ce, "Likita bokan Turai, goge wannan. Mai kabarin ya riga ka cika layin." Na faɗi abin da Kawu ya ce, kalma da kalma.

Bai ɗauke shi wasa ba. "Wa ya ji ban da ke?"

"Allah ya ji."

"He was on morphine. Ba ya cikin hayyacinsa, ni na san dose ɗin da ake ba shi."

Raina ya ɓaci. Na ce mutumin da ya gane takalmin nas ɗinsa ya yi mata kaɗan ranar nan, shi ne ba ya cikin hayyacinsa? Na ce ka ɓoye shi yana raye, yanzu kuma za ka ɓoye shi a ƙasa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Yaya ya miƙe, idonsa ya yi ja.

"Zauna," in ji Inna. Tun rasuwar ba ta yi magana mai tsawo ba. Tana zaune a kan darduma cikin mayafin takaba, carbi a hannu. "Ba ƙarya take yi ba. Ni ma ya sha gaya mini, tun ba yau ba."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

"Amma ba za a sa ba."

Ta ajiye carbin. "Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Ni 'yar gidan malamai ce. Ranar da na ce shi nake so, mahaifina ya ba da ni, amma har ya koma ga Allah bai taɓa taka gidana ba, bai taɓa cin abin da na dafa ba. Ƙannena har gobe matar baduku suke ce mini in na ba da baya. Shekara arba'in da bakwai ina wanke rigunan nan masu warin fata, ban taɓa ce masa ya bari ba. Duk inda ya zaro hannayensa a gaban mutane, ina gefe ina murmushi. Dutsen nan hotonsa za a ɗauka a tura gida, ya bi waya waya. Shi ya tafi, ba zai ji abin da za su ce ba. Ni zan ji." Ta dubi Yaya. "Kai kuma goge naka. Ba zan sa a yi masa ƙarya ba." Sannan ta dawo kaina, muryarta ta yi ƙasa. "Ya yi rayuwarsa yadda yake so, na bi shi. Wannan guda ɗaya ku bar mini."

Ni ce fa aka zaɓa don ina da baki. Na so in ce amana ce. Na dubi matar nan, yadda ta rame, yadda zoben hannunta yake yawo a yatsa, na kasa. Yaya ya goge fensirin, ta sa hannu, aka mayar da takarda layi na uku babu komai. Tun ranar ba na jin daɗin raina, kuma ban san wanda zan ba laifi ba in ba kaina ba.

Bagirken bai samu jana'iza ba, don washegari aka yi ta, shi kuma yanzu yana wurin 'yarsa, tsufa ya kama shi, idanunsa sun tafi sai dai haske da duhu. Da aka kwantar da dutse 'yar ta kira ni, ta ce babanta ya hana ta sakat, yana so a kai shi. Ranar hutuna na je na ɗauke shi. A mota ya yi ta ba ni labarin shago, wanda yanzu an mayar da shi wurin sayar da waya. Muna kan gada ya juyo inda yake jin muryata ya ce, da Turancinsa mai nauyi, "Ya gaya mini ke zai bar wa maganar dutsen. Ya ce ke ba kya tsoron kowa." Na riƙe sitiyari da kyau.

Na kama hannunsa muka bi tsakanin kaburbura har muka isa. Ya cire hularsa. Na yi addu'ata, shi ma ya yi tasa a harshensu. Sannan ya ce, "Karanta mini."

Na karanta sunan. Na karanta shekarun. Ya karkato kunne yana jira. Sai na ji bakina ya ce, "Baduku."

Ya gyaɗa kai, ya maimaita kalmar yadda Kawu ya koya masa. Sai ya ce in taimake shi ya durƙusa. Ban yi tunanin komai ba sai da na ga ya miƙa hannu. Yatsun nan da suka shekara sittin suna laluben ɗinki suka bi layi na farko harafi harafi, suka bi na biyu. Suka sauko ƙasa. Ya shafa wurin daga hagu zuwa dama, ya dawo, ya sake shafawa a hankali har bakin dutsen. Ina tsaye a kansa ina kallo.

Ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba su zurfafa shi ba. Masu aikin yanzu ke nan." Ya miƙo mini hannu in tashe shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini.